Na'ura A Hannun Ɗalibi: Me Za Ta Sauya A Manyan Makarantun Yerwa?

Wannan ita ce laccar da aka gabatar a gaban taron malaman manyan makarantu da ɗalibansu a Yerwa, babban birnin Jihar Borno.



Maganar da ta tara jama'a yau ita ce yadda za a yi amfani da na'urorin zamani, watau kwamfuta da wayar hannu da intanet, domin a mayar da ɗalibi ya zama shi ne ginshiƙin karatu a jami'a da sauran manyan makarantu. Masana harkar ilmi na ƙasashen Turai da Amurka sun daɗe suna ta rubuce-rubuce a kan wannan batu, har wanda bai sani ba ya ɗauka daga can aka ƙago shi. Amma mutumin Borno ba baƙo ba ne ga wannan hanya, domin kuwa a kanta kakanninsa suka yi karatu.

Duk wanda ya taɓa zama a tsangaya ya san cewa almajirai ba sa tafiya a kan shafi ɗaya. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam yakan biya wa wannan, ya saurari tilawar wancan, kuma ba a barin yaro ya wanke allo sai abin da ke kai ya zauna masa. Mai kaifin kai ya yi gaba, mai nauyin kai ya bi a hankali, babba kuma ya taimaki ƙarami. Haka abin yake a zauren ilmi, inda kowane ɗalibi yakan zo da littafinsa, ya karanta da bakinsa, malam ya fassara ya gyara masa. Da wannan tsari ne ƙasar Borno ta yi suna wajen haddar Alƙur'ani da rubuta shi, har mutane suka riƙa niƙo gari daga Kano da Katsina da Zariya suna cewa za su gabas neman karatu. Ba a ce tsangaya ba ta da nata aibu ba, bulala da bara ba abin yabo ba ne. Abin lura a nan shi ne, a tsangaya ba a auna karatu da yawan abin da malam ya faɗa, da abin da almajiri ya iya ake auna shi.

To, sai a dubi ɗakin lacca na yau. An kafa Jami'ar Maiduguri a shekarar 1975, a kan harsashin tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Jihar Arewa Maso Gabas, kuma a watan Yuli na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sa mata sunan marigayi Muhammadu Buhari. A shekarun farko ɗalibai kaɗan ne, malami na iya sanin kowa da sunansa. Yanzu kuwa, a nan da sauran jami'o'in gwamnati na ƙasar nan, akan tara ɗaruruwan ɗaliban shekarar farko a zaure ɗaya, waɗansu a zaune, waɗansu a tsaye a bakin taga. Malami ya yi ta magana har awa biyu, na gaba su rubuta, na baya su kwafa daga na gaba. Ba wanda ya san wa ya gane, wa bai gane ba, sai ranar jarrabawa, sa'ad da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wannan ba laifin malami ba ne shi kaɗai. Mutum ɗaya ba ya iya sauraron tilawar mutum ɗari biyar.

A daidai nan ne na'ura take da amfani, idan an san abin da ake nema gare ta. Ba majigi ake nufi ba. Malamin da ya ɗauki tsohuwar takardarsa ya haska ta a bango, yana karantawa ɗalibai suna kwafa, bai sauya kome ba, ya dai ƙara wa makaranta kuɗin wuta. Abin da ake nufi shi ne a juya tsarin. Malami ya ɗauki bayanin darasi a murya, na minti goma ko goma sha biyar, ya haɗa da 'yan shafukan karatu, ɗalibi ya saurara a ɗakinsa kafin ranar aji. Wanda bai gane ba ya maimaita sau uku, ba mai yi masa dariya. Idan an haɗu a aji, sai a kashe lokacin wajen warware matsaloli da muhawara.

Wani malamin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa a Jami'ar Harvard ta Amurka, mai suna Eric Mazur, ya fito da wata dabara a farkon shekarun 1990 wadda ta dace da babban aji. Yakan jefa tambaya guda mai amsoshi huɗu ko biyar, kowane ɗalibi ya zaɓi tasa shi kaɗai. Idan ya ga kan ajin ya rabu, sai ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta saɓa, ya yi ƙoƙarin shawo kansa. Bayan 'yan mintoci a sake zaɓe, galibi sai a ga masu amsar daidai sun ƙaru. Dalili kuwa a fili yake: ɗalibin da ya gane abu yanzun nan ya fi farfesa tuna inda wuyar take. Da wayar hannu ana iya tara amsoshin mutum ɗari biyar cikin ƙiftawar ido, malami ya ga inda aka ɓata tun kafin a tashi. Kuma a gari irin Yerwa, inda ɗalibi zai iya yi wa ɗan'uwansa bayani da Kanuri ko Hausa ko Larabcin Shuwa ko Babur ko Margi kafin su mayar da amsa cikin Turanci, wannan dabara tana da riba biyu.

Ba zato ba ne kawai. A shekarar 2014 waɗansu masana a Amurka, a ƙarƙashin Scott Freeman, sun tattara sakamakon bincike 225 a kan darussan kimiyya da injiniya da lissafi. Suka tarar cewa a azuzuwan da ake lacca zalla, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa, a inda ake sa ɗalibai aiki da kansu kuwa kusan kashi 22 ne. Duk uban da ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin makaranta ya san abin da wannan tazara take nufi.

Sai dai fa Yerwa ba Harvard ba ce, kuma duk shirin da ya manta da haka zai mutu tun a takarda. A watan Mayu na 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan wayar hannu na makonni masu yawa. A watan Janairu na 2021 'yan ta'adda suka fasa turakun wutar lantarki a kan hanyar Damaturu, aka gyara a watan Maris, suka sake fasawa bayan 'yan kwanaki, birnin ya shafe mafi yawan wannan shekara cikin duhu. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwanni, ya tafi da littattafai da takardun jama'a masu ɗimbin yawa. Ga kuma harin da aka kai masallacin jami'a ranar 16 ga Janairu 2017, wanda ya ci ran wani farfesa. Duk da wannan, jami'ar ta ci gaba da karatu a mafi yawan shekarun rikicin, kuma wannan abin alfahari ne ga malamanta da ɗalibanta. Abin da ya rufe ta na tsawon lokaci shi ne annobar korona da yajin aikin malamai na watanni tara a 2020, sa'an nan na watanni takwas a 2022. A waɗancan watanni 'ya'yan masu hali a jami'o'in kuɗi sun ci gaba da karatu ta intanet, 'ya'yan talakawa kuwa suna zaune a gida.

Saboda haka tsarin da ya dace da nan shi ne wanda ba ya mutuwa idan layi ya ɗauke. Murya ta fi hoto mai motsi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, ana iya tura ta daga waya zuwa waya ba tare da sayen data ba, kamar yadda matasa suke tura wa juna waƙoƙi da wa'azi. Manhajar Moodle, wadda aka fito da ita a 2002 kuma kyauta ce, ana iya girka ta a kan babbar kwamfuta guda a cikin makaranta, ɗalibi ya shiga ya kwashi darasi, ya yi gwaji, ya ga makinsa, ko da intanet na waje ya yanke. Batun wuta ma ya fara sauƙi, tun da aka buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas a Maiduguri a watan Maris na 2023, ga kuma aikin wutar hasken rana da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta yi wa jami'a da asibitin koyarwarta. Amma wutar da ke ofis ba ta cajin wayar ɗalibin da ke haya a Mairi ko Gwange. Sai an yi rumfunan caji da wurin zama, an kuma bar su a buɗe har dare.

Akwai wata tambaya da bai kamata a kauce mata ba: wa za a bari a baya? Akwai ɗalibin da iyayensa suka baro Bama ko Gwoza ko Dikwa ba su fito da kome ba sai kayan jikinsu. Akwai ɗalibar da wayar gidansu ɗaya ce, a hannun miji ko wa take. Idan aka ce ba a karɓar aiki sai ta waya mai tsada, to an kafa sabon shinge a inda ake cewa an rushe tsoho. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a kan harajin kamfanoni, ya gina ɗakuna da yawa a manyan makarantu, har akan ga sunansa a kusan kowane bango. Lokaci ya yi da wakilan jama'a za su matsa a karkata wani kaso zuwa ga na'urorin aro, waɗanda ɗalibi zai karɓa a laburare kamar littafi, da kuma horar da malamai. Gini ana ganinsa, ana yanka masa kyalle ranar buɗewa, shi ya sa masu mulki suka fi son sa.

Malamai ma suna da haƙƙi a nan. Shirya darasi irin wannan ya fi karanta tsohuwar takarda cin lokaci, musamman a shekarar farko. Muddin ƙarin girma ya dogara ga yawan maƙalun da mutum ya buga kaɗai, ba wanda zai ɓata darensa yana ɗaukar murya. Wanda kuma ya saba buga takardun lacca yana sayar wa ɗalibai ba zai yi murna da a raba su kyauta ba, wannan ma gaskiya ce da kowa ya sani. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, a sabon tsarin manhajar da ta fitar a watan Disamba na 2022, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Wannan fili ne da Yerwa za ta iya cikawa da abin da ya shafe ta: ɗaliban aikin gona su auna ƙasa a fadamun kogin Ngadda, na injiniya su bi diddigin yadda ruwan Alau ya bi ta cikin gari, na harsuna su ɗauki muryoyin tsofaffi da wayoyinsu kafin su ƙare.

Ƙasar nan ta taɓa gwada karatu daga nesa ta yi sakaci da shi. Ingila ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'arta a 1969, tana koyarwa ta rediyo da talabijin da gidan waya. Nijeriya ta kafa tata a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba a farfaɗo da ita ba sai zamanin Shugaba Obasanjo, bayan an yi asarar kusan shekara goma sha takwas. Yanzu tana da cibiya a Maiduguri, ita ma jami'ar garin tana da tata cibiyar karatu daga nesa. Ƙwarewar da ma'aikatan waɗannan cibiyoyi suka tara wajen rubuta darasin da mutum zai karanta shi kaɗai ya gane, ita ce ake bukata a azuzuwan yau da kullum, har da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da kwalejojin horar da malamai. Bai kamata a bar su a gefe kamar 'yan kishiya ba.

Saura batun satar amsa, wanda ke damun malamai tun da manhajoji irin su ChatGPT suka bayyana a ƙarshen 2022, suna rubuta wa ɗalibi aiki cikin minti ɗaya. Hana su ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne abin da alaramma yake yi: kyawun rubutun allo ba ya wadatar da shi, sai ya ce a rufe a karanto. Ɗalibin da ya kawo aiki a tsayar da shi minti biyar, a gaban malami ko a gaban rukuninsa, ya bayyana yadda ya kai ga amsarsa, a yi masa tambaya biyu ko uku. A babban aji ba za a iya yi wa kowa haka kowane mako ba, amma ana iya jefa ƙuri'a a ɗauki mutum goma, kuma tun da ba wanda ya san ranar da za ta faɗo kansa, kowa zai zo da shiri.

Shugaban taro, a nan laccar ta tsaya. Sauran lokacin na tambayoyi ne, kuma ana roƙon a fara ba ɗalibai dama kafin malamai.