Takardar Shehun Kiota da Ƙofar Asibiti

 

Mai girma Prefe, mai martaba Sarki da ƴan majalisarsa, magadan gari, malamaina, iyayena mata, ma'aikatan kiwon lafiya, jama'ar Gaya.

An ce in yi magana a kan asibitocin da ba don neman riba aka kafa su ba, da yadda suke kai aikinsu cikin jama'a, da abin yabo a wurin ma'aikatansu. Ni ba lokotoro ba ne. Ilimina a wannan fanni na mai zaman jinya ne, wanda ya kwana a tabarma bakin ƙofar ɗakin marasa lafiya yana jiran a kira shi a ba shi takardar sayen magani. Idan na yi tuntuɓe, masu farar riga su gyara mini.

Zan fara da wani labari na jiharmu ta Dosso. A garin Tangiyeta, can arewa maso yammacin Benin, akwai asibitin da wata ƙungiyar Katolika mai hidimar marasa lafiya ta buɗe a 1970. Wani likitan tiyata ɗan Italiya, Florent Priuli, ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a wurin. Shehu Abubakar Hashim na Kiota ta jiharmu kuwa, wanda ya rasu a 2004, halifan Shehu Ibrahim Inyas, ya yi shekaru yana tura marasa lafiya zuwa wannan asibiti, kowane da takarda a hannu, kuma yana yi wa asibitin da ma'aikatansa addu'a. Ku duba lamarin: babban shehin ɗarika, da likita Kirista, tsakaninsu ɗaruruwan kilomita da iyakar ƙasa. Mutum ya bar asibitocin da suka fi kusa da shi, ya sha rana da ƙura har can, saboda wanda ya amince da shi ya ce masa, "Je ka, za a karɓe ka." Asibitin bai buga ganga a Kiota ba. Waɗanda suka warke suka komo gida su ne suka yi masa shela, Shehu kuma ya ɗora amanarsa a kai.

Amana ke nan, kuma a kanta laccata ta tsaya.

Idan muka juya gabas, kowa a nan ya san Galmi, ko don albasarta. Ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibiti a can a 1950, ta hannun Dokta Burt Long. Yau marasa lafiya suna zuwa masa daga Tawa da Maraɗi da Ƙonni, har da ƴan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara, kuma ana horar da likitocin tiyata ƴan Afirka a cikinsa. Kusa da Maraɗi akwai Danja, inda ƙungiyar ta fara kula da masu kuturta a 1956, aka kuma buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a 2012. Na san akwai malaman da ke da ƙorafi a kan wa'azin da ke tafiya tare da aikin mishan, kuma ba zan ce ƙorafin ba ya da tushe ba. Sai dai wanda bai so ɗan'uwansa ya je can, abin da ya kamace shi shi ne ya gina irinsa. Zan komo kan wannan.

A gyara wata fahimta tukuna. Asibitin da ba na riba ba, ba asibitin kyauta ba ne. Ana biya a Galmi, ana biya a Tangiyeta. Bambancin shi ne rarar da aka samu ba ta shiga aljihun mai gida. Tana komawa ga magani da albashi da gyaran injin wuta, da asusun da ake yafe wa wanda ba ya da ko dala.

Danja ta fi koya mana darasin fita cikin jama'a. Kuturta tana warkewa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magungunan da a yau ake sha wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. To me ya sa har yanzu ake ganin mai dungu? Domin cutar tana farawa da ɗan tabo mai haske a fata, wanda ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ko an tsikare shi ba a ji. Wa zai biya kuɗin mota saboda tabon da ba ya ciwo? In kuma ya yi zargi, kunya ta sa ya rufe da riga. Ma'aikacin da ya zauna a ofis yana jira, sai yatsu sun tafi zai ga mutumin. Wanda ya hau babur ya je ƙauye, ya zauna a zauren mai gari, ya sha fura, ya duba bayan mutane cikin sirri, shi ke ceton yatsun. Haka yoyon fitsari. Likita yana ɗinke abin da ya yage, Allah ya saka masa. Amma ɓarnar ta auku ne tun a ɗaki, inda yarinya ta kwana biyu tana naƙuda ana ba ta rubutu da jiƙo ana cewa ta yi haƙuri.

Masana sun daɗe da lissafa jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin karɓa bayan an isa. Mu ɗora su a kan ƙasarmu. Mace tana tsibirin Lete, ko wani tungan masunta a ƙasar Tanda ko Tunuga, cikin watan Agusta. Mijinta ya tafi cin rani ko yana kasuwar Malanbil, kuma ba mai ikon cewa a tafi sai shi. An samu izini, sai neman jirgi. An haye, sai amalanke ko kabu-kabu a hanyar da ruwa ya cinye, domin Gaya ta fi kusan ko'ina a Nijar samun ruwan sama. Biyu daga cikin ukun nan sun ƙare kafin asibiti ya san da ita. Ko da mun gina bene mai hawa goma a nan cikin gari, ba zai taɓa su ba.

Wanda ke taɓa su shi ne ma'aikacin ɗan ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, da ungozoma, da wakilin lafiya na unguwa wanda muke kira rele, da majo mai riƙe da cibiyar lafiya ta CSI, da direban ambilans. A kansu nake so in daɗe, domin aikinsu yana da shaida.

A 1998, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ba sa kai shekara biyar. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2012 ya danganta wannan da ƙananan ɗakunan lafiya da aka baza a karkara, da gidan sauro, da kula da tamowa, da yafe kuɗin magani ga yara. Babu babbar na'ura a cikin lissafin. Kurkunu, wanda dattawan da ke nan suka san yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina, an tabbatar ya ƙare a Nijar a 2013, alhali ba ya da allura, ba ya da ƙwaya. Da tace ruwa da sa ido na mutanen ƙauye aka ci shi. A Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar bakin kogi. Mu da muke zaune a gaɓar Kwara mun fi kowa sanin nauyin wannan albishir.

Ku ɗauki maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda aka fara rabawa a ƙasar nan a 2013. Yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ake ba, sau ɗaya kowane wata cikin damina, kwana uku a jere. Mai rabawa yana ba da na ranar farko da hannunsa, na kwana biyun da suka rage ya bar wa uwa. Duk nasarar shirin tana rataye a kan ƴan mintocin da ya yi yana mata bayani a tsakar gida. In ya yi mata gatse, ƙwayar ta ƙare a ƙarƙashin katifa. In ya gaishe ta da harshenta, ya tambayi mai gida, ya jira yaron ya haɗiye, to an tsare rai. Haka kuma dabarar da likitocinmu suka yaɗa don zubar jini bayan haihuwa: ɗan zane da aka auna, wanda in ya jiƙe sharkaf an san jinin ya kai rabin lita, da ƙwayar misoprostol a hannun mai karɓar haihuwa. Rahoton da aka buga a 2023 ya nuna mace-macen zubar jini sun ragu da fiye da rabi.

Yanzu in tambaya. Ranar da aka zo raba takardun yabo, wa ake kira? Wanda ya rubuta rahoto. Wadda ta yi rabon magani ƙafa cikin taɓo tana can baya, watakila ɗan alawus ɗinta ma bai fito ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, mu kuwa muna ba da tukuicin ga wanda ya kawo labarin kyautar.

Kada ma'aikata su ce na zo shafa musu mai kawai. Jinkiri na uku naku ne. A 2003 wasu masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da littafi a kan yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, kuma abin da suka gani ba mai daɗin ji ba ne: tsawa, da fifita mai hanya, da wulaƙanta wanda ba ya da kowa. Ni kaina na taɓa tsayawa a wani asibiti, ba zan faɗi ko ina ba ne, ina kallon tsohuwa tana riƙe da takarda a juye, tana tambayar ƙofa, mutum uku suka wuce ta ba wanda ya tanka. Na san uzurinku. Mutum ɗaya a CSI shi ne likita, shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne mai cika rajista, ba dare ba rana. Na kuma san tun da aka yafe kuɗin tiyatar haihuwa da maganin yara a 2005 da 2006, kuɗin da gwamnati za ta mayar wa cibiyoyi yana makara, kantar magani ta bushe, jama'a kuma ku suke zagi. Duk da haka, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ita ba a jiran ta daga Yamai. Tsohuwar nan in ta koma ƙauye, ita ma takarda za ta rubuta da bakinta, irin ta Shehun Kiota, sai dai tata cewa za ta yi kada a je.

Gaya tana da wani hali da Galmi ma ba ta kai ta ba. Malanbil ga ta a tsallake, Kamba ga ta nan kusa. A layi ɗaya za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da Kyanganci. Uwa ta zo da katin rigakafi na Faransanci, ta bayanta da na Ingilishi, ta ukun ba ta da ko ɗaya domin a jirgi ta haihu. Sauro da kwalara da ƙyanda ba sa tsayawa a duwan. Ma'aikacin da ke juya harshe uku ko huɗu a yini yana yin aikin da ba a rubuta a takardar albashinsa ba. Rufe gadar Malanbil a 2023 kuma ya nuna mana cewa hanyar da muka dogara da ita, ta magani daga tashar Kwatano da ta marar lafiya zuwa ƙetare, tana iya yankewa dare ɗaya.

Shi ya sa na ce zan komo kan gina irin asibitin mishan. Asibitin da ba na riba ba, ba baƙon abu ne a Musulunci ba. Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira a 1284, ya tsayar masa da wakafi, ana jinyar mai kuɗi da talaka. Ƙasarmu ma ta kafa hukumar kula da wakafi. Garin nan kuwa Allah ya yi masa arziki: ƴan kasuwa, da masu fiton kaya, da masu manyan motoci, da manoman shinkafa da rake. Masallatai muna ginawa, wani a jikin wani, Allah ya karɓa. Ban ce a fara da sabon asibiti ba. Muna da na gunduma, muna da CSI, kuma namu ne. A wasu gundumomin ƙasar nan an gwada ƙara dala ashirin a kan kuɗin ganin likita don a tara na man ambilans. Abin da dala ashirin ta talaka ta iya, hayar shago biyar da aka yi wakafinsu za ta fi shi, muddin ana karanta lissafin a bainar jama'a, shiga da fita, kowane wata uku.

Alhazan Gaya, roƙona gare ku ke nan: shago ko gona, a rubuta, a sa shaidu, amfaninta ya tafi ga man ambilans da jirgi mai inji domin mutanen tungaye. Samari, mai zubar jini ba ta jiran a nemo dangi daga ƙauye. Ku je a auna ku, a rubuta sunayenku da lambobinku a asibiti. Malamaina, ku faɗa a huɗuba cewa miji ya bar izini a gida kafin ya yi tafiya, duk lokacin da naƙuda ta wuce yini ko dare a tafi ba sai an neme shi ba. Mai girma Prefe, mai martaba Sarki, idan shekara ta zagayo za a karrama ma'aikatan lafiya, ina roƙon a bar matan ƙauyuka su faɗi sunayen waɗanda za a kira.