HIJABIN IDO: JAWABI A KAN SUTURAR MATA DA HAƘƘIN HANYA A KARKARARMU

  

Ya ku shehunnanmu da muƙaddamai, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, iyayenmu mata da ke sauraro daga sashensu, da sauran 'yan'uwa da kuka taso daga Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Bichi da Minjibir da ƙauyukan da ke tsakaninsu.

Kwamitin shirya wannan taro mai albarka ya umarce ni da in yi magana a kan suturar mata. Na karɓa, domin umarnin manya ne. Sai dai ina neman afuwa tun daga farko, saboda mafi yawan abin da zan faɗa a kanmu maza zai sauka. Dalilin haka wani abu ne da ya faru a zaurena.

A daminar bara, bayan sallar isha'i, wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta yi sallama da ni, tana riƙe da hannun 'yarta wadda ba ta wuce shekara 13 ba. Yarinyar tana tallar awara a bakin titi. Akwai wani magidanci a teburin mai shayi da ya mayar da ita abin wasansa: ya sayi awara ya hana kuɗi sai ta matso kusa, ya ja mata hijabi, ya faɗa mata maganar da ba zan maimaita a wannan wuri mai tsarki ba, sauran kuma su yi dariya. Ran nan da ta fizge jikinta, tire ya kife. Washegari na kai maganar gaban dattawa a ƙofar masallaci. Tambayar farko da aka yi mini ita ce, wane irin kaya ta sa? Na ce hijabin Islamiyya, har idon sawu. Tambaya ta biyu, me ya kai ta bakin titi bayan magariba? Har muka tashi babu wanda ya tambayi sunan mutumin, alhali kowa ya san shi, kuma tare muke sahu da shi.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san yadda kakanninmu mata suke shiga a wannan karkara. Zane ne ɗaurin ƙirji, da kallabi, in za a unguwa a ƙara wani zanen a yi lulluɓi. Daga baya gyale ya shigo. Wannan hijabi ɗinkakke da muke gani yanzu bai yaɗu ba sai daga wajen shekarun 1980, ta hanyar ɗalibai da makarantun Islamiyya. A shekarar 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kano. A 2003 aka kafa Hukumar Hisba bisa doka. A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fito da shirin A Daidaita Sahu, a 2005 kuma aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka kawo babur mai ƙafa uku wanda har yau sunan shirin yake amsawa. Yanzu ka bi hanyar Daura ko ta Katsina, ka ratsa kowane ƙauye, da wuya ka ga yarinya 'yar shekara 7 ta fito ba hijabi. Wannan alheri ne, ba na raina shi, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi ƙoƙari a kai. Mata an kira su sun amsa.

To amma ina tambayarku, don Allah, fito da ihu da ja da shafa sun ragu? Ku tambayi 'yan matan da ke zuwa tsintar riɗi da gyaran zoɓo a Dawanau yadda suke ƙarewa a mota. Ku tambayi masu kai fura da dafaffiyar gyaɗa kasuwar Ɗambatta ranar da take ci. Abin hawan ma da aka kawo don a kare mace, yau a cikinsa ake matse ta. A shekarar 2019 'ya'yanmu mata na Arewa suka fito a kafafen sadarwa na zamani suna ba da labarin abin da aka yi musu, da yawansu a gida ko a makaranta, a hannun wanda aka amince wa. Da yawa daga cikinmu fushi muka yi da masu maganar, ba mu yi fushi da abin da suka faɗa ba.

Mu koma ga Littafin Allah, mu duba jerin da Ya yi. A cikin Suratun Nur, aya ta 31 ita ce ta umarci mata muminai da kame ido da tsare mutunci da rufe ƙirji da mayafi. Kowane mai wa'azi ya haddace ta. Amma aya ta 30 ta riga ta, kuma da maza take magana, tana umartar su da runtse ido da tsare farji. Ba a rataya umarnin maza a kan shigar mata ba. Ba a ce ka runtse idan ta rufe, ka buɗe idan ta buɗe ba. Naka wajibi ne a kanka ko da kana garin da babu mai lulluɓi ko ɗaya.

Haka nan aya ta 59 a Suratul Ahzab, wadda ta yi umarni da sakin mayafi, ta bayyana dalili: don a gane su, kada a cutar da su. Malaman tafsiri sun ce wasu fasiƙai ne a Madina suke tare hanya da dare suna damun matan da suka fita biyan buƙata. Sai aya ta 60 ta juya kan munafukai da masu cuta a zukata da masu baza jita-jita, ta yi musu kashedin kora daga gari in ba su daina ba. Mace an ba ta umarni mai taushi, mai tare hanya an yi masa barazana. Mu kuwa mun juya abin: tsawa ga yarinya, shiru ga ƙato.

Kuma ku tuna abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito a Hajjin Bankwana. Fadlu ɗan Abbas, saurayi kyakkyawa, yana bayan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan abin hawa, sai wata mata daga ƙabilar Khas'am ta zo tambaya a kan yi wa mahaifinta tsoho aikin hajji. Fadlu ya riƙa kallonta. Fiyayyen halitta ya sa hannunsa mai albarka ya juya fuskar Fadlu wani gefen, ya kuma amsa wa matar tambayarta. Fuskar ɗan baffansa ya juya. Bai kori matar ba.

Yanzu mu zo kan majalisa. Babu ƙauyen da ba shi da ita a ƙasar nan: gindin darbejiya, dakalin ƙofar gida, bencin mai shayi, rumfar mai cajin waya. Sahabbai ma sun ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, aka yarje musu bisa sharaɗin su ba hanya haƙƙinta, kuma abu na farko da aka lissafa a hadisin Abu Sa'idul Khudri shi ne runtse ido, sannan kame cuta, sannan amsa sallama da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Ku auna majalisunmu da wannan mudu. Mace ta doso daga nesa, hira ta tsaya cak, ido goma sha ya raka ta har ta sha kwana, sannan a buɗe babi a kanta: 'yar wane ce, matar wane ce, aurenta nawa. Akwai matan aure da ke zagaye mai nisa ta bayan gari, ta cikin gonaki, in za su asibiti ko gidan suna, don kawai kada su ratsa ta gaban majalisa. Wanda ke kan bencin nan, wallahi sau da yawa da carbi a hannunsa.

Sai maganar talla, wadda ita ce mai ɗaci, domin ta shafi tukunyar kowa. Ƙasarmu ta kewayen Kano cike take da jama'a tun zamanin da. Gona ta bi gado ta rarrabu har ta zama ba ta ciyar da gida shekara. In an gama girbi maigida ya tafi cin rani, ya bar mata da yara da ɗan abin da ya sawwaƙa. Matar tana cikin kulle, ba ta fita, amma tana soya ƙosai, tana dama fura, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wa zai kai wa mai saye? 'Yarta. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, daga baya kuma a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta rubuta a kan wannan ciniki na cikin gida da yara ke ɗauke da shi a ka. Abin da ta gani bai gushe ba. Da ribar tallar ake tara kayan ɗaki, kuma kowa ya san gorin da ake yi wa amaryar da aka kai ba kaya. Ma'ana, mun tsare uwa a ɗaki, mun tura budurwa tasha. Muna alfahari cewa ba a taɓa ganin matarmu a waje ba, alhali 'yarmu tana yawo tsakanin direbobi da 'yan kamasho har ƙarfe 9 na dare, an kuma gaya mata kada ta dawo da kwantai. Yarinyar da ta san duka na jiranta in ta dawo da saura, yaya za ta yi da wanda ya ce zai saye duka in ta biyo shi zaure?

Ba na cewa a daina talla gobe da safe, wanda ya faɗi haka bai san yunwa ba. Amma ana iya hana ta bayan magariba. Ana iya cewa yara su tafi su biyu su uku, kada su shiga zaure ko shago ko gidan gwauraye. Ana iya rage gasar kayan ɗaki, wadda mu maza muke zuga ta da bakin danginmu. Mai unguwa da liman in suka haɗa baki a kan wannan, ya zauna.

Abin da ya fi duka muni shi ne abin da muke kira rufin asiri. In ɓarna ta auku, sai a taru a zaure, a ce kada a ɓata wa yarinya suna, a karɓi ɗan kuɗin magani, a yi Fatiha a tashi. Asirin wa aka rufa? Ita dai an riga an san ta, a rijiya da gidan biki nuna ta ake yi. Shi ne ya tsira, ya koma bencinsa yana jiran wata. Mu malikawa ne, Muwaɗɗa tana cikin zaurukanmu. Imamu Malik ya kawo hukuncin Abdulmalik ɗan Marwan cewa wanda ya tilasta wa mace sai ya biya ta sadaki, ya kuma bayyana cewa uƙuba a kan mai tilastawa take, babu komai a kan wadda aka tilasta. Saboda haka a gaggauta kai yarinya asibiti, a kai magana ga hukuma, dattawa su raka uwar, kada a bar ta ita kaɗai tana bin ofisoshi da kuɗin motar da ba ta da shi.

Masu cewa maganin abin shi ne a hana mata fita ɗungurungum, har makaranta da wajen wa'azi, su tuna an taɓa kawo wa Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo irin wannan suka. Wani malami, Mustafa Gwani, ya zarge shi da barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya ba da amsa, cewa barin su cikin jahilci ya fi wannan muni, kuma ana ware musu wurinsu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara 'Yan Taru, jajis suna tafe daga ƙauyuka da ayarin mata, suna ɗaukar karatu suna komawa. Tafiyar kwanaki suke yi a ƙafa. Abin da ya sa ta yiwu shi ne an san alfarmarsu a hanya.

Ya ku 'yan'uwa muridai, mu da muke da'awar tarbiyyar zuciya mu ne ya fi kamata mu fahimci wannan. Shehunnanmu sun koya mana cewa ido ƙofar zuciya ne, abin da ya shiga ta nan shi zai tsaya maka a gaba lokacin wuridi. Mutum ya wuni yana kiwon idonsa a kan matan mutane, da yamma ya zo halƙar zikiri yana kukan ba ya jin ɗanɗano, ina zai ji? Muraƙaba ba a kan buzu kaɗai take ba, tana kan benci ma.

Daga ƙarshe, ga roƙona game da wannan taro da muke ciki. Kowace shekara iyayenmu mata suna kawo kuka cewa samari na tsayawa a mashigar sashensu, wasu suna ɗaga waya suna ɗaukar hotonsu ba izini, kuma wajen hawa mota bayan an tashi ana cakuɗa. Bana kwamiti ya ware musu ƙofar fita ta daban, an kuma sa dattawa mata a bakinta. Ina roƙon 'yan agaji, duk wanda kuka gani ya kafa ido ko ya ɗaga waya a can, ku juya shi da ladabi, ko ɗan wane ne, ko almajirin wane ne. In an shafa Fatiha maza su zauna a inda suke, sai motocin mata sun tashi. Yaran da suka zo talla kuma, muƙaddamin kowace zawiyya ya tabbatar na garinsa sun shiga mota kafin duhu.

Allah Ya karɓi ziyararmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.