Ƙirƙirarriyar basira ta riga darasi shiga aji



Tun da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a Nuwamba 2022, ƙirƙirarriyar basira, wadda muke ce ma IA, ta iso azuzuwanmu ta cikin salula. Ɗan lise zai ba ta aikin gida na falsafa, kafin shayi ya tafasa ta cika mashi shafi biyu da Faransanci mai kyau. To ranar Bak fa, da babu waya a hannu?

Ku fahimci yadda take aiki. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ita kuma tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Ba ta san gaskiya da ƙarya yadda mutum ya san su ba. Shi ya sa takan ƙago sunan littafi, ko ta kawo maka "hadisi" har da lamba da mai ruwaya, alhali babu shi. Da Hausa ma abin ya fi muni, don rubutunmu kaɗan ne a intanet. Mu da aka koya ma tambayar isnadi, bai kamata na'ura ta ruɗe mu ba. Duk abin da ta ce na addini, a kai ma malam, a buɗe littafi.

Sai maganar turawa. Yau ana iya kwaikwayon muryar mutum da hotonsa, a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Kai kuma ka gani a WhatsApp, ka danna ma gurup biyar. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta intanet. "Ni ma turo mani aka yi" ba za ta wanke yarinyar da aka ɓata ma suna a unguwa ba.

UNESCO ta ba da shawara a 2023 cewa kada yaro ya yi amfani da waɗannan manhajoji a aji kafin shekara 13. Amma hani kaɗai bai isa ba, sai da koyarwa. Ina roƙon kowane reshe namu ya ware awa ɗaya a wata, mu zauna da ƙannenmu na kolej, mu yi ma na'urar tambaya a gabansu kan tarihin garinmu, su ciro kurakuranta da kansu.

Wassalamu alaikum.