Wasa Da Gaske A Hirar Waya

 Maganar yau ta shafi wani ɗan ƙaramin abu wanda kusan kowa ya ke ɗauke da shi a aljihu, watau wayar hannu, da irin hirar da a ke yi a cikinta.

Kafin shekarar 2001, layukan tarho na Nijeriya gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma yawancinsu suna ofisoshi da gidajen masu hali. A watan Agusta na shekarar nan aka fara aiki da wayar hannu ta GSM. Ya zuwa ƙarshen 2024, layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Yanzu mai goro a Shagamu, da mai tumatir a kasuwar Mil 12 ta Ikko, da ɗalibi a Sabon Ibadan, suna iya kwana suna hira da 'yan'uwansu na Sakkwato da Kano kamar suna zaune a tabarma guda. Ana musu a kan wace waya ce ta fi ƙarko, ana yi wa juna ba'a a kan wasan kwamfuta da ƙwallon Turai, ana taɓa kimiyya, ana taɓa siyasa. Wannan duka ba laifi ba ne, gama raha tana rage wa baƙo kewar gida. Abin da a ke so jama'a su gane shi ne, wasan da aka rubuta a waya dabam ya ke da wasan da aka yi da baki a dandali, domin yana iya barin hannun mai shi ya isa wani wuri a matsayin labarin gaske.

Wasa yana da ƙa'ida

Hausawa sun daɗe da sanin wasa, sun kuma yi masa shinge. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka. Akwai wasan Kanawa da Zazzagawa, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarabawa. In Bagobiri ya gamu da Bayarabe ya kira shi bawansa, ba wanda zai zare sanda, domin kowa ya san abin da ke tsakaninsu. Haka nan tatsuniya tana da kalmomin da a ke buɗe ta da su, tana da waɗanda a ke rufe ta da su, yadda ko yaro ya san ba labarin gaske a ke ba shi ba. A dandali kuwa, in mutum ya shara ƙarya don a yi dariya, ana ganin fuskarsa, ana jin muryarsa, an kuma san halinsa tun yana ƙarami. In ya wuce gona da iri, akwai babba a wurin wanda zai tsawata masa.

Saƙon waya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Rubutu ba ya murmushi. Da zarar mutum na biyu ya tura shi ga na uku, sunan wanda ya fara shi ya ɓace, ranar da aka rubuta shi ta ɓace, dalilin rubuta shi ya ɓace. Abin da ya rage shi ne amanar wanda ya turo. Uwa ba ta tambayar asalin saƙo in daga ɗanta ya zo. Ta haka ne ba'ar da abokai biyar suka yi da dare ta kan wayi gari ta zama umurnin likita a garin da ba su taɓa zuwa ba.

Daren ruwan gishiri

Ran 20 ga watan Yuli 2014, wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka Ikko daga ƙasar Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Likita Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibitin da aka kwantar da shi a Obalende, ta haka aka tsare dubban mutane, ita kuwa ta kamu da cutar ta rasu. Ana cikin wannan fargaba, da daren 7 ga watan Agusta zuwa wayewar garin 8, sai wani saƙo ya bazu a wayoyi cewa kowa ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha, wai shi ne rigakafin cutar. Mutane suka riƙa tada 'yan'uwansu daga barci tun kafin asuba, daga Kudu har Arewa. Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata maganar, amma ta riga ta shiga gidaje. Jaridu sun ba da labarin mutuwar mutum 2 aƙalla, da kwantar da kimanin 20 a asibiti. Daga baya kuma suka ba da labarin wata ɗaliba da ta ce ita ta fara tura saƙon ga abokanta, da wasa.

Dalilin ɓarnar a fili ya ke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. In gishiri ya yi yawa a jini, sai ya jawo ruwa daga sassan jiki, jini ya hau, ƙoda ta wahala. Ga mai hawan jini, kofi guda na ruwan gishiri mai kauri yana iya zama ajali. Ebola kuwa ƙwayar cuta ce da a ke ɗauka ta taɓa jini, ko amai, ko sauran ruwan jikin majinyaci, gishiri ba ya yi mata kome. Abin da ya kashe ta a Nijeriya shi ne keɓe marasa lafiya, da bin sawun kusan mutum 900 waɗanda suka yi cuɗanya da su a Ikko da Fatakwal. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga watan Oktoba 2014 aka ba da sanarwar ƙasa ta rabu da cutar. A lura da kyau, waɗanda gishiri ya kashe ba su taɓa kusantar mai Ebola ba.

Turakun waya da korona

A shekarar 2020 aka sake irin wannan. An sami mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya ran 27 ga watan Fabrairu. Ba da daɗewa ba sai hira ta cika da cewa sabuwar fasahar waya mai suna 5G ita ke haddasa cutar. Waɗansu da gaske su ke faɗa, waɗansu kuwa don a yi dariya, mai karatu ba shi da hanyar rarrabewa. A Ingila har an ƙone turakun waya masu yawa a watan Afrilu na shekarar. Alhali kuwa 5G igiyar rediyo ce, 'yar'uwar wadda ke kawo murya cikin akwatin rediyo, ƙwayar cuta kuma ba ta hawa igiyar rediyo. Korona daga numfashin mutum ta ke zuwa ga mutum. Bugu da ƙari, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta bayyana a lokacin cewa ba ta ba kowane kamfani lasin 5G ba tukuna. Sai a watan Disamba 2021 aka yi gwanjon lasin, jama'a kuma ba su fara amfani da ita ba sai 2022. Tambaya guda, wace ce ta riga zuwa, da ta isa ta kashe maganar tun ranar farko.

Wasan da ya taɓa aljihu

Hirar wasanni ita ma tana da nata tarko. A 2024 wani wasa mai suna Hamster Kombat, wanda a ke yi a cikin Telegram, ya shiga ko'ina. Ana danna fuskar waya ana tara maki, da fatan ranar da makin zai zama kuɗi. Samari suka riƙa tsokanar waɗanda ba su shiga ba, wai nan gaba su za su riƙa wanke musu mota. Ba'a ce, amma ita ta jawo mutane da yawa, domin ba wanda ya ke so a bar shi a baya. Da aka raba kuɗin ran 26 ga watan Satumba 2024, da yawa sun tarar abin da suka samu bai taka kara ya karya ba, bayan watannin da suka yi suna sayen data.

Wannan hasarar lokaci ce. Akwai wadda ta fi ta. A 2016 tsarin MMM, wanda wani mutumin Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙago, ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda. A watan Disamba na shekarar ya rufe asusun jama'a da kuɗinsu a ciki. A watan Afrilu 2025 wani mai suna CBEX ya rushe haka nan, har waɗanda aka cuta suka afka wa ofishinsa a Ibadan. Irin waɗannan ba da tallar kamfani kaɗai su ke yaɗuwa ba. Aboki ne ke nuna hoton ribarsa cikin hira yana dariya, sauran su ce tun da wane ya ci, su ma za su ci. Kuɗin sababbin shiga a ke biyan na farko da shi, ran da sababbi suka ƙare, abin ya tsaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Siyasa

A fagen siyasa ne ba'a ta fi saurin rikiɗa. Bayan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya dawo daga jinya a London a 2017, aka yaɗa cewa ya rasu, wai wani mutumin Sudan mai suna Jubril aka kawo a madadinsa. Mutane da yawa sun riƙa maimaita zancen don nishaɗi, suna gwada hotunan kunnuwa da na hannuwa. Yawan maimaitawa ya sa waɗansu suka gaskata, har ta kai a watan Disamba 2018, yana ƙasar Poland, Shugaban ya tsaya gaban 'yan Nijeriya mazauna can ya tabbatar musu shi ne da kansa.

Wannan ya ƙare da dariya. Amma hannun da ya saba tura duk abin da ya zo masa ba ya tsayawa ran da abin da ya zo ba na dariya ba ne. Ran 23 ga watan Yuni 2018 aka kai hare-hare a gundumar Gashish ta Jihar Filato, aka kashe mutane da yawa. Nan da nan munanan hotuna suka cika Facebook. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna waɗansunsu ba daga Gashish su ke ba, har akwai hoton bidiyo guda wanda a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Washegari aka tare hanya, aka fitar da matafiya 11 daga motocinsu aka kashe. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan nan sun taimaka wajen hura wutar. Duk wanda ke zaune cikin wata al'umma, nesa da garin haihuwarsa, ya san wanda a kan fara nema in irin wannan wuta ta tashi. Dā a kan ce gani ya kori ji. Yanzu da kwamfuta ke iya ƙago hoton abin da bai faru ba, ta kuma kwaikwayi muryar mutum, gani ma yana bukatar shaida.

Abin da doka ta ce

Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayinsa. Sukar shugabanni da yi musu ba'a yana cikin wannan 'yanci. Amma Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ce a sashe na 24 laifi ne mutum ya aika saƙon da ya san ƙarya ne da nufin tada hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Hukuncin yana iya kai tarar Naira miliyan 7, ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyu.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, mai yin wasa ya sa alamar wasan a cikin saƙon kansa, yadda ko baƙo ya karanta zai gane. Abin da ya shafi magani, ko kuɗin mutane, ko kisa, ko wata ƙabila ko addini, ba a ƙaga ƙarya a kansa ko da wasa.

Na biyu, mai karɓar saƙo ya dubi kansa. Tun 2018 WhatsApp ke sa alama a kan saƙon da turo shi aka yi, wanda kuma ya ratsa hannuwa da yawa yana ɗauke da kibiya biyu. Wannan alama tana nufin wanda ya aiko ba shi ya gani da idonsa ba.

Na uku, a tambayi wa ya faɗa, yaushe, a ina. Saƙon da ba shi da suna ba shi da rana, amma yana cewa a yi maza a tura wa kowa, shi ne ya fi cancanta a riƙe. Maganar lafiya a kai ta ga likita ko Hukumar NCDC. Maganar zuba jari a duba ko kamfanin yana da rajista da Hukumar SEC. Lambar sirrin banki kuwa ba a ba kowa ita, ko da wane irin wasa ko kyauta aka zo.

Na huɗu, wanda ya tura abu sa'an nan ya gane ƙarya ne, ya koma inda ya tura ya faɗa. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na unguwa waɗanda suka buɗe zaurukan hira a waya, su ɗauki matsayin babban da ke tsawatawa a dandali. Samarin da suka fi sanin waya kuma su riƙa yi wa iyayensu bayani cikin ladabi, gama sau da yawa iyaye ne ke ɗaukar ba'ar 'ya'yansu da gaske.

Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa. A yi hira, a yi musu, a yi dariya, amma kafin a danna a tuna da wanda zai karanta ba tare da ya ga fuskar mai wasan ba. Allah ya ba ƙasa zaman lafiya, ya kiyaye jama'arta, amin.