Littafi a Hannu, Yatsu a Kan Aiki

Yau da matasan Mayo-Oulo masu koyon yaren kwamfuta na Python daga littafi nake. Wanda ya karanta babi ya tsallake ayyukan gwajin da ke ƙarshensa, tamkar mai haddace noman auduga ne bai taɓa riƙe fartanya ba. Kwamfuta ba ta da kara: harafi ɗaya ya kuskure, sai ta ƙi aiki, kuma wajen gyaran nan ne ilimi ke zama. Ko a waya ne, ku rubuta abin da zai lissafa kuɗin buhunan gyaɗa da sefa. An kafa Jami'ar Garwa a 2022, ku isa can da hannu a goge. Kada ku wuce babi sai kun yi aikinsa.