Walƙiyar Gama da Na'urorin da Ke Gadinta a Sama

 

Ranar Lahadi, 9 ga Oktoba 2022, wajen ƙarfe biyu da kwata na rana agogon Najeriya, wani haske ya iso duniya bayan tafiyar kusan shekara biliyan biyu. Ido ba ya ganinsa, amma ƙarfinsa sai da ya rikita na'urorin da ke sama, ya kuma girgiza saman iskar duniya. Masana sun sa masa suna GRB 221009A, kuma ba a taɓa auna irinsa ba.

Hasken gama ke nan, wanda ya fi na hoton ƙashi a asibiti ƙarfi nesa ba kusa ba. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi kafin ya sauko, rahama ce babba gare mu. Shi ya sa sai an ɗora na'ura a kan tauraron ɗan'adam kafin a kama shi kai tsaye.

Abin mamaki, ba masu nazarin taurari suka fara ganinsa ba. Amurka ce ta harba taurarin Vela don sa ido kan masu gwajin makaman nukiliya bayan yarjejeniyar taƙaita irin wannan gwaji ta 1963. A Yulin 1967 suka kama wata walƙiya wadda ba ta bam ba ce, ba a kuma bayyana labarin ba sai 1973. Daga 1991 na'urar BATSE ta tattara irin wannan walƙiya kimanin 2,700, aka ga ta kowace kusurwa suke zuwa. A 1997 tauraron BeppoSAX ya hango ragowar hasken da ke biyo bayan walƙiyar, aka tabbatar daga nesa ƙwarai suke.

Walƙiyar iri biyu ce. Wadda ta wuce daƙiƙa biyu, galibi ƙaton tauraro ne ya rufta ya zama baƙin rami. Gajeriyar kuwa karon taurarin niyutiron biyu ce, kamar wadda tauraron Fermi ya kama ranar 17 ga Agusta 2017.

To, ina ruwanmu? Mun harba NigeriaSat-1 a 2003, amma don kallon ƙasa aka yi shi. Duk da haka ba lallai sai mun mallaki namu mai kallon sama ba. Da zarar tauraron Swift ko Fermi ya kama walƙiya, cikin daƙiƙoƙi ake watsa sanarwa ga duniya, bayanansu kuma kyauta ne a intanet. A Namibiya, na'urar H.E.S.S. ta bi sawun wata walƙiya a Agustan 2019. Afirka na ciki.

Abin da ke damuna shi ne ɗalibin fiziks a Kaduna ya gama karatu bai taɓa buɗe waɗannan bayanai ba. Malaman jami'o'in KASU da ABU Zariya, ku ba ɗalibanku wannan aiki a matsayin binciken kammala digiri. Iyaye, ku ƙarfafa wa yaranku lissafi.