Taɓin hankali a ƙauye: magani ya zo, a kwance mari

Hirarmu ta yau da mutanen Urafane ce, cikin ƙasar Tasawa, da maƙwabtansu na ƙasar Mayahi.

Kun san gidan da ake ɗaure mutum a turke a bayan ɗaki, ko a sa masa mari a ƙafa. In kun tambayi maigidan, zai ce muku ba ƙiyayya ba ce. Tsoro yake ji kada ɗansa ya faɗa rijiya ko ya shiga daji ya ɓata. Gaskiya ya faɗa. To, ina zai kai shi? Daga Tasawa zuwa Maraɗi ya fi kilomita 100. Daga Maraɗi zuwa babban asibitin Yamai, inda sashen masu taɓin hankali yake, ya fi kilomita 600. Ga kuɗin mota na mutum uku, don maras lafiya ba ya tafiya sai da masu riƙe shi. Ga gona a tsakiyar damina. Nisa ne ke ƙera marin nan.

Shi ya sa masana suka ce a juya abin, magani ya bi maras lafiya gida. Ba sabuwar dabara ba ce. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta a Nijeriya, Dokta Lambo ya saukar da masu wannan ciwo a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna karɓar magani da rana. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani tsari, a 2010 kuma ta buga littafin da ke koya wa ma'aikacin ƙaramin gidan likita yadda zai gane ciwon, ya fara magani, ya kuma san wanda zai tura gaba. Mu ma muna da tushe: tun shekarun 1960 ƙauyukan ƙasar Maraɗi suke zaɓen mutanensu a koya musu taimakon farko, su da ungozomomi.

Ma'aikatan lafiya suna fita ƙauyuka masu nisa don rigakafin yara da awon ciki. Babur ɗin da ya ɗauko allurar rigakafi zai iya ɗauko ƙwayar farfaɗiya. Akwai ma allurar taɓin hankali da ake yi sau ɗaya a wata. Amma ma'aikaci ba ya duba wanda aka ɓoye masa. Ku je wurin majo, ko maigari ya je a madadinku, a gaya masa akwai maras lafiya a gida kaza, a tambayi ranar fitarsu.

Wa za a nuna masa? Mai magana shi kaɗai, wanda ke jin muryoyi, ba ya barci. Mai jegon da ta rikice, ta ƙi ba jinjiri nono. Saurayin da ƙwayar tiramol ta juya wa kai. Da matar da ta yi shiru makonni, ba ci, ba wanka, tana cewa gara ta mutu. Wannan kada a bar ta ita kaɗai, a kuma ɗauke maganin ƙwari daga ɗakin. Amma wanda ya rikice farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi ko sandarewar wuya, kada a jira ranar fita. Zai yiwu zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau. A sa shi a amalanke ran nan.

Bari mu daɗe kaɗan a kan farfaɗiya, don an fi zaluntar masu ita. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ba a ɗaukarsa ta miyau, ba a ɗaukarsa ta ƙwarya ɗaya. In mutum ya faɗi, ku janye shi daga wuta, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa masa cokali ko yatsa a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har mutum 7 cikin 10 suna iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Ƙwayar kuwa tana cikin mafi araha. Duk da haka yarinya nawa aka fitar daga makaranta, aka hana ta miji, a kan wannan?

Wani zai ce, to, malam fa, da masu girka? Ba wanda ya hana addu'a. A yi addu'a, a sha ƙwaya. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne bulala, da hayaƙin barkono, da hana abinci.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne bayan an ga sauƙi. Mutum ya koma gona, sai a ce ya warke, a bar magani, ciwo ya dawo. Mai farfaɗiya kuwa in ya tsai da ƙwaya farat ɗaya, faɗuwar na iya yin muni ƙwarai. In magani ya sa jiki ya sandare ko hannu na rawa, a gaya wa majo ya gyara, kada a daina da ka.

Ku ƴan ajin yaƙi da jahilci, ga aikinku. Ku sami ɗan littafi, ku rubuta sunan maganin, da ƙwaya nawa a yini, da ranar da ciwo ya tashi, da ranar allura ta gaba. Ran da ma'aikaci ya zo ƙauye, ku miƙa masa littafin tun kafin ya sauke akwatinsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.